Gangar Kawu a Kan Amalanke

Kawuna makaɗin noma ne. Tun ina tsirara nake ganinsa rataye da ganga yana bin bayan manoma a gonakin ƙauyenmu, can tsakanin Mayahi da Gidan Amumune. Ƙasarmu rairayi ce, da haiwa muke noma, doguwar hauyar nan da ake turawa a tsaye. In an kira gayya sai maza su jeru kowa da haiwarsa, kawu na biye da su yana kaɗa wa kowa takensa. Wani nasa ne na kansa, wani na ubansa ya gada. Ƙa'idar kuma ko yaye aka yi maka jiya ka san ta. Wanda ake kaɗa wa take ba ya tsayawa, ba ya shan ruwa, ba ya ko share gumi, sai an sauke masa. Shi ma makaɗi ba ya yanke take a tsakiya, sai ya kai shi ƙarshe ya rufe da bugun saukewa. Ka yanke wa namiji take a gaban jama'a, ka ce masa ya kasa ke nan.

Ni ban ɗauki ganga ba. An kai ni Tasawa karatu, karatun ya ƙi ni na ƙi shi, muka rabu ba wanda ya yi kewar wani. Wani abokina Kirista da ke kaɗa piyano a 'yar majami'arsu shi ya koya mini aza yatsu, daga nan na shiga bin bukukuwa. Kayan aikina klabiye ne, wato allon piyanon da ba ya da murya tasa, da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, wadda murfinta ke tsaye da ikon Allah da salatif. Muryoyin duk suna cikin manhajar da ke ordinater ɗin. Kai ne za ka ce wannan maɓalli ya yi algaita, wancan ya yi kalangu, kuma kai ne za ka nuna wa kowane sauti ƙofar da zai bi ya fita. Ƙofofin suna jikin wani ɗan akwati da muke kira kart son, daga shi wayoyi ke tafiya zuwa bafal, manyan akwatunan da ke kai sauti kunnen jama'a. Duk lokacin da na je gida kawu sai ya tambaye ni yaya sana'ar sosa akwati.

Wata bazara hawan jini ya kayar da shi. Aka kwana biyu da shi a gidan likita a Mayahi, ya dawo yana jan ƙafar dama, hannun dama kuma ya kwanta bai ƙara tashi ba. Baki ne kawai ya dawo da ƙarfinsa, har da riba. Aka rataye gangar a zaure. Da damina ta sauka aka yi gayyar farko ba kiɗa, samari suka saka salula a aljihu kowa na jin abin da ya ga dama. Kawu ya daina zama ƙofar gida da safe, don kada ya ga masu haiwa suna wucewa.

Matarsa, da muke kira Inna, ita ta kira ni a waya.

"Kawunka ba ciwon ga za ya kashe shi ba, zaman ga ne," in ji ta. "Tuwo ma sai na yi hwaɗa shike ci. In kana da wata dabara cikin tarkacen nan naka, taho da ita."

Ina da ita kuwa, ko kuma haka na zata. A wani tsohon katin salula ina da kiɗan kawu da na ɗauka a gayyoyin baya, lokacin hannunsa na hannu. Na zauna na yanka shi gunduwa-gunduwa, taken kowa daban. Kowane take na ɗaure bakinsa da wutsiyarsa yadda zai yi ta juyawa ba tsayawa, abin da muke kira bukul. Na raba wa kowane mutum maɓallinsa, na ajiye bugun saukewa a maɓallin ƙarshe na dama. Shirina shi ne ni in riƙa dannawa, kawu ya riƙe mikoro ya yi kirari. Na ɗaure kaya a bayan kabu-kabu na nufi gida ina jin kaina.

Kawu ya saurari bayanina da ido ɗaya a rufe. Ya ce shi bai taɓa jin an yi noma da rediyo ba. Ko da na bar shi da Inna ma da ƙyar ne ya yarda, amma sai Allah ya kawo taubashinsa. Wannan tsoho sa'ansa ne, ɗan gwaggonsa, siriri kamar karan dawa, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba zagi ba. Shi ke da gayya a satin.

"Ashe kana nan ba ka mutu ba?" in ji shi daga bakin zaure. "Ɗana, ka kawo mini shi gona ranar gayya, ko a buhu ne. In bai iya kiɗa ba shi kore mini tsuntsaye."

"Za ni zo," in ji kawu, "don in ga ranar da haiwa za ta ɗauke ka ta yi gaba da kai."

Ranar gayya muka kafa kaya a gindin wani gawo, don shi kaɗai ne itace a gonar. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta fi ta tsintsiya ba. Na lura da haka, na ce ai kafin rana ta yi zafi mun gama. Na jona batir, na jona bafal, na danna taken farko.

Wallahi da gangar ta fito sai da tsigar jikina ta tashi. Kawu ne sak, da ƙarfinsa na da. Maza suka yi ihu suka jeru, kawu ya gyara zama a tabarma ya fara zuba kirari a mikoro. Sai dai tun a nan na ga abin bai zauna daidai ba. Kowa na turawa yana waiwayen akwati. Da suka yi nisa kuma sautin ya riƙa isa gare su a makare, ƙafa ta rabu da kiɗa. Ga shi bukul ba ya da ido. Yadda ya fara da sanyin safiya haka yake tafiya, bai san wani ya gaji ba, bai san an shiga wuri mai ciyawa ba.

Rana ta take tsaka lokacin da kawu ya ce in sako taken taubashi. Na danna. Kawu ya buɗe murya:

"Bijimin jigawa! Rana ta gaji ta bar ka! Tura, ƙasa ta san ubanka!"

Tsoho ya zabura ya fita daga sahu, haiwa na cin ƙasa. Aka yi ta sowa. Da ya yi abin da ya isa a yaba, kawu ya ɗaga mini kai alamar in sauke. Na danna maɓallin ƙarshe. Shiru, wato ba shiru ba, take na nan na tafiya. Na sake dannawa. Na taɓa ordinater na ji ta kamar kaskon da aka sauke yanzu. Zafi ya sa ta sandare, allo ya tsaya cik, ba ta jin klabiye ba ta jin roƙo, amma bukul ɗin da ta riga ta ɗauko ba ta fasa juya shi ba.

Na kai hannu zan zare wayar bafal, kawu ya make ni da hannunsa mai lafiya.

"Kak ka kuskura! Yanke mishi za ka yi gaban ɗiyanshi da surukkanshi?"

"Kawu, ta ƙi saukewa."

"To lallashe ta! Ba kai ka ce tana jin maganarka ba?"

Na cire hulata ina yi mata fifita, ina danne-danne. Taubashi kuwa ya kai ƙarshen kuyya ya juyo, ya kai wancan ƙarshen ya sake juyowa. Sauran maza duk sun tsaya sun dogara da haiwa suna kallo, don ba takensu ba ne. Da ya ga ya cinye abin da ke gabansa kuma ganga ba ta sauke ba, sai ya tsallake iyaka ya faɗa gonar maƙwabci ya ci gaba. Mai gonar yana cikin 'yan gayyar, ya ɗaga murya ya ce, "Allah shi yi albarka, Baba, ka bi ta wajen waken nan!" Mutane suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na ga ƙafafun tsohon sun fara rawa, kuma na san zai gwammace ya faɗi da ya tsaya.

Inna ce ta raba gardamar. Ta iso da ƙwaryar fura a ka, ta dubi tsoho a gonar mutane, ta dubi mijinta, ta dube ni ina fifita. Ta sauke ƙwarya, ta kama wayar da ke bakin batir ta fizge.

"Ni ba ni da take," in ji ta, "ba ni kuma da mijin da zan ba matarshi in ya mutu."

Aka kwaso taubashi aka shimfiɗe shi a gindin gawo, aka yi ta ɗura masa fura. Da numfashinsa ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne a shaida ba shi ya tsaya ba. Aka sake dariya. Kawu kaɗai ne bai yi ba. Ya ajiye mikoro a kan tabarma ya ce a mai da shi gida. Da muka kai zaure ya dube ni.

"Wancan da ka sako ba ni ba ne," ya ce. "Wani ne da ya mutu tun bazara. Ni ban taɓa kaɗa wa mutum abin da ya hi ƙarhinshi ba."

Maganar ta yi mini ciwo, don na zo in tashe shi ne na ƙara kwantar da shi. Na so in tattara in koma Tasawa. Inna ta ce in na tafi a haka kada in ƙara cin tuwonta. Saura gayyar maimai, noma na biyu, in ta wuce kuma sai baɗi, ga shi ba wanda ya san yadda baɗi za ta same shi.

Na koma kan kayana. Na watsar da bukul gaba ɗaya. Na bi tsohon kiɗan ina tsinto bugu ɗai-ɗai: na tsakiyar fata mai nauyi, na gefe mai kaifi, wanda ake danne fata da yatsu, da ɗan karkarwar nan da ke biyo baya. Kowanne na samo mai ƙarfi da mai taushi, na gaya wa manhaja in an danna da ƙarfi ta fito da wannan, in an shafa ta fito da wancan. Na jera su a maɓallai biyar da ke maƙwabtaka, daidai faɗin hannun hagu. Sauran maɓallan duk na kashe su. Bugu ɗaya ya zo da kukan akuya a wutsiyarsa, na yi na yi in yanke ya ƙi fita sarai, na bar shi.

Na kai klabiye zaure na aza a kan turmi, na fita. Kwana biyu yana zagaye shi kamar wanda aka ajiye wa maciji. A na uku ina bayan gida na ji "dum". Can na ji "dum, tak". Sai na ji an ƙwala mini kira.

"Gangar taka malalaciya ce. Sai na buga na gama tukuna take amsawa."

Gaskiyarsa. Ordinater tana tara sauti a wani ɗan ma'auni ne kafin ta zubo shi, in ma'aunin babba ne sai a ji jinkiri tsakanin yatsa da kunne. Mu a wajen biki ba mu damu ba, amma makaɗin ganga ko ƙiftawar ido aka makara zai ji. Na rage ma'aunin. Ya ce da sauranta. Na ƙara ragewa, sai sauti ya fara tsartsatsi kamar ana suya. Muka yi ta ja, ni in rage shi ya tsine, har muka samu inda ba ta jinkiri ba ta suya. Sai da na kashe duk wani ado da na saka wa sautin kafin ta yarda. Shi kuma ya sa Inna ta kawo ƙaro, ya ɗiɗɗiga a kan maɓallan biyar, don ya ce makaɗi bayan manomi yake kallo, ba hannunsa ba.

Yatsun suka fara sabawa. Babban yatsa ya zama makaɗi, wato sandan bugun ganga, sauran suka koma aikinsu na da. Amma kullum in ya ɗauko take sai ya watsar a tsakiya ya yi tsaki. Na tambaye shi me ya rage.

"Tana can, ina nan," ya ce, ya nuna bafal da haɓa. "Ni ban taɓa jin ganga da kunne ba. Nan nike jin ta." Ya bugi haƙarƙarinsa.

Na daɗe ina kallon gangar da ke rataye a bango kafin in yi ƙarfin halin faɗa masa abin da ya zo mini. Kart son ɗina ƙofa huɗu gare shi, biyu kawai nake amfani da su. Na ce zan bar ƙofa biyun farko su tafi bafal don manoma, ta uku kuma in aika mata da nauyin bugun kawai, in tace kaifin in zubar, in kai shi wata 'yar sifika da zan ɗaure a cikin kangon gangarsa. Ya rataya ta yadda ya saba.

"Hwarke mini ganga za ka yi?"

"Kwance fata ɗaya za mu yi, Kawu, mu mayar."

"Ubana ma bai taɓa sa mata baƙo a ciki ba."

Ya yi kwana ɗaya yana fushi, washegari ya ce in sauko da ita. Shi ya riƙa nuna mini igiyar da zan sassauta, yana zagina a kan kowace. Na ciro sifika daga wata matacciyar rediyo, na ɗaure ta a ciki da tsumma da roba, na fito da waya ta 'yar hudar da ke jikin kangon, na haɗa da ƙaramin ampili mai ƙara wa sauti ƙarfi. Muka mayar da fata. Na rataya masa, ya aza babban yatsa ya danna. Gangar ta yi gurnani a jikinsa. Bai ce ta yi ba, kawu ba ya faɗin haka. Cewa ya yi Inna ta ƙara masa tuwo.

Ranar maimai a gonar wani maƙwabcinmu aka yi gayyar. Wannan karon ban nemi gindin itace ba. Amalanken Inna muka ɗaura wa jaki, muka aza batir da bafal yana kallon gaba, ordinater kuma na yi mata rumfa da zana, na ɗora ta a kan duwatsu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Kawu ya zauna a tsakiya, klabiye a cinyarsa, ganga a gefensa. Ni da na zo da sunan babban makaɗi daga Tasawa, aikina ya koma jan jaki. Bugun farko jakin ya yi tsalle ya kusa zubar da mu, sai da na toshe masa kunnuwa da tsumma.

Muka bi bayan sahu a hankali, ina lallaɓa ƙafafun amalanke tsakanin shuka. Farkon kiɗan da ɗingishi ya fito, har wani saurayi ya yi murmushi. Kawu ya gan shi, ya sako taken uban yaron, murmushi ya ɓace. Daga nan hannun ya warware. In aka shiga ciyawa mai kauri sai in ji ya ja kiɗan baya, in ya ga biyu sun fara tsere sai ya hura musu wuta. Akuyar nan ma tana leƙowa jefi-jefi, ba wanda ya kula.

Taubashi ya zo, duk da 'ya'yansa sun hana shi. Kawu ya bar shi har ya fara ƙorafi, sannan ya ɗauko takensa a taushashe, daidai ƙafar tsoho. Ya bar shi ya yi 'yar tafiya mai kyau, ya fita gaban sahu kowa ya gani, sai ya rufe masa da bugun saukewa, cikakke, har da ƙari. Tsohon ya tsaya ya ɗaga haiwa sama.

"Wanga shi ne kiɗa, la'ananne!" ya ce. "Da can ina ka ɓoye shi?"

Kawu ya juyo wajena. Ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa. Na tsayar da jaki, na rataya igiyarsa a wuya na zo, ina zaton wata waya ce ta zare. Ya nuna mini hannunsa na dama da ke kwance a cinya.

"Ɗauko shi ka aza mini bisa hwatar."

Na ɗauki hannun, nauyi gare shi da sanyi, na shimfiɗa shi a kan fatar ganga, na gyara yatsun.

"Ƙara wa ta ciki."

Na ƙara wa ƙofa ta uku ƙarfi. Ya danna babban yatsan hagu, fata ta girgiza, na ga yatsun dama suna rawa a kanta. Ya sake dannawa, ya sake. Ban sani ba ko hannun na jin wani abu, ban kuma tambaye shi ba. Na ga dai ya rufe ido, leɓensa na motsi. Ni kam kuka na yi, a tsakiyar gonar mutane, da igiyar jaki a wuyana.

Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi sahun da ya yi gaba.

"Kai, bar wannan," ya ce. "Ja jakin nan, sun yi muna nisa."